Minsharin maigida ya hana ki barci? Ga matakan da za ki bi tun daga ɗaki har gaban likita

Tambayar nan ta minshari ta yi yawa wallahi, mata suka fi yi min ita amma akwai maza ma da ke zagayowa a ɓoye suna cewa uwargida ce ke yi kuma sun rasa ta inda za su ɓullo mata. Zan yi magana da mace don rubutun ya yi sauƙi, namiji sai ya juya abin ta wajensa. Abin da nake so ki riƙe tun yanzu shi ne ba ƙarar ce abin tsoro ba, shirun da ke shiga tsakanin ƙarar shi ne abin tsoro. Akwai mai minshari da numfashinsa ke tafiya lafiya lau har asuba, wannan ke kaɗai yake wahalarwa. Akwai kuma wanda maƙogwaronsa ke rufewa cikin barci numfashi ya tsaya cak, wannan ciwo ne, a takardar likita za ki ga an rubuta apnée du sommeil. Kafin ki kashe ko dala sai kin san wanne ne a ɗakinki.

1. Ki saurara tukuna

Ki ware dare uku ko huɗu, ba a jere dole ba. In ya yi barci ya yi nisa ki zauna ki kasa kunne kamar minti 30, da agogon waya a hannunki. Abin da kike nema: yana jan minshari kamar injin niƙa sai kawai ki ji tsit, ƙirji da ciki suna motsi suna kokawa amma iska ba ta shiga, can sai ya fizgo numfashi da ƙarfi kamar an shaƙe shi, wani har ya zabura ya juya, sannan a koma gidan jiya. Ki ƙirga daƙiƙun shirun nan. Likitoci suna ƙirga tsayawar numfashi ne in ta kai daƙiƙa 10 ko ta wuce. Ki lura kuma ko a rigingine kawai yake yi ko har in ya kwanta ta gefe, wannan bayanin zai yi miki amfani sosai a mataki na 5.

Gargaɗi: kar ki yanke hukunci da dare ɗaya. Ranar da yake mura, ko ya dawo daga tafiya a gajiye liƙis, kowa ma yana iya yin minshari. Kuma ki saurara har da wajen goshin asuba, don lokacin ne abin ya fi tsananta ga mutane da yawa.

2. Ki ɗauki murya, ki rubuta

Mai minshari ba ya jin kansa, shi ya sa in kika faɗa masa zai ce sharri kike masa. Ki ajiye waya kusa da matashinsa ki ɗauki murya na minti 10 zuwa 15, in kin iya bidiyo ya fi don likita zai ga motsin ƙirjin. Sai ki samu ɗan kaye ko takarda ki rubuta: ƙarfe nawa ya kwanta, me ya ci da daddare, ya sha wani magani ko bai sha ba, sau nawa kika ji numfashin ya tsaya, sau nawa ya tashi fitsari.

Gargaɗi, kuma wannan babba ne: muryar nan ta ku biyu ce da likita. Kar ki tura wa ƙawa, kar ki tura wa yayarki, balle gurup ɗin WhatsApp na dangi don a yi dariya. Duk ranar da ya ji ta fita, maganar likita ta mutu kuma kin jawo wata fitinar daban. In kin san mutum ne mai saurin fushi ki gaya masa tun kafin ki ɗauka.

3. Alamomin rana, da mitar tela

Ciwon nan da dare yake aiki amma da rana yake nuna kansa. Mutum ya kwana awa 8 ya tashi kamar bai runtsa ba, ciwon kai da safe, baki a bushe, gyangyaɗi a huɗubar Juma'a, gyangyaɗi a fada ana tsaka da shayi, mantuwa, saurin faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, yawan fitsarin dare, har da raguwar sha'awa da ƙarfi wanda maza da yawa ke bin masu maganin gargajiya a kansa alhali barcin ne ya lalace.

Akwai tambayoyi 8 da likitoci ke amfani da su, sunansu STOP-BANG, kina iya amsa su a gida. Yana minshari mai ƙarfi har a ji daga wani ɗaki? Yana yawan gajiya ko barci da rana? An taɓa ganin numfashinsa ya tsaya? Yana da hawan jini? Ƙibarsa ta yi yawa, misali mai tsawon mita 1.70 da ya haura kilo 100? Ya wuce shekara 50? Kaurin wuyansa ya wuce santimita 40? Namiji ne? Na wuyan ki ari mitar tela ki zagaya daidai wajen maƙogwaro. In "e" ta kai 3 akwai abin dubawa, in ta kai 5 zuwa sama kar ki tsaya gwaje-gwajen gida, ki tsallake zuwa mataki na 9.

Kar ki ce ai siriri ne ba zai yiwu ba. Mai ƙaramin haɓa ko wanda haɓarsa ta shige ciki, ko mai manyan ƙululun maƙogwaro da likita ke kira amigdal, yana iya samu ko ba shi da teɓa. Mata kuma abin yakan ƙaru bayan al'ada ta ɗauke, kuma mai ciki da ta fara minshari sabo fil ta faɗa a wajen awo don a duba mata tansiyo.

4. Yadda za ki faɗa masa

Nan ne yawanci ake ɓata abin. Ƙarfe 2 na dare kin ƙule, kin zungure shi da gwiwar hannu kina cewa kai don Allah ka ishe ni, to me kike so ya ce? Ki bari sai da rana, ya ci ya ƙoshi, ba yara ba baƙi, ba kishiya a kusa. Kuma ki fara da tsoronki ba da haushinki ba. Kamar haka: "Malam, akwai abin da ke damuna ban san yadda zan faɗa ba. Jiya da dare numfashinka ya ɗauke har na ƙirga goma sha biyar, na ɗauka wani abu ya same ka. Ga shi na ɗauka a waya, ka ji da kanka." Mafi yawan maza in suka ji shirun nan da kunnensu jikinsu yana yin sanyi.

In ya ce gado ne, haka babansa ma yake, ki ce to, amma ki tambaye shi a hankali ko Baba yana da hawan jini. In ya ce dannau ne ko iska, kar ki yi gardama, addu'ar kwanciya ba ta hana zuwa likita, a haɗa biyun. In gidan mata biyu ne ko uku kuma kuna ɗasawa, kina iya tambayar abokiyar zama ko ta lura da hakan ranar girkinta, shaida biyu ta fi ɗaya, amma in kin san zaman doya da manja kuke to ki bar ta a inda take. In duk ya ƙi ji, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, wansa ko amininsa, mutum ɗaya tak mai riƙe sirri.

Namiji kuma ka sani mace ta fi jin kunyar wannan magana nesa ba kusa ba. Kar ka mai da ita abin tsokana gaban yara.

5. Gyaran kwanciya

Wannan shi ne mafi araha kuma ga wasu shi kaɗai ya isa. A rigingine harshe da naman ganɗa suna zamewa baya su matse hanyar iska, ta gefe kuwa hanyar tana buɗewa. Kina da hujja mai ƙarfi a hannu ma, kwanciya ta gefen dama sunna ce, ba mai musu da ke a kan wannan.

Matsalar ita ce zai kwanta ta gefe, barci na ɗaukarsa ya mirgine. To ki ɗauki tsohuwar rigar shan iska ko singileti da ta ɗan kama shi, ki kai wa tela ya ɗinka aljihu a baya tsakanin kafaɗu biyu, ki cusa ƙwallon tanis ko safa biyu da kika dunƙule tam. Duk sanda ya mirgina baya abin zai tokare shi ya koma gefe ba tare da ya farka sosai ba. Kuɗin ɗinkin bai kai na cefanen yini ba. In rigar ta yi masa yawa ƙwallon zai zame gefe, aikin banza kenan, don haka babbar riga ba ta yi. Kina iya jera masa dogon matashi a bayansa ma.

Sai ɗaga kan gado: a sa bulo ko katako ƙarƙashin ƙafafun gado na wajen kai, kamar santimita 10 zuwa 15. In katifa ce a ƙasa a cusa bargo da aka ninke ƙarƙashin katifar daga kafaɗa zuwa kai. Gargaɗi: kar ki tara masa matashi uku a ƙarƙashin kai kawai, wuya zai lanƙwashe haɓa ta taɓa ƙirji, hanyar iskar ta ƙara matsewa, ga ciwon wuya da safe.

Ki ba wannan mako biyu kina ci gaba da rubutawa.

6. Hanci

Mu nan Damagaram in hunturu ya shigo ƙura ba ta barin hancin kowa, kuma hanci in ya toshe mutum da baki zai yi numfashi, minshari ya ƙaru. Kafin kwanciya ya wanke hanci da ruwan gishiri. Akwai na farmasi, ki ce a ba ki sérum physiologique, ba shi da tsada. In a gida za ki haɗa: rabin litar ruwa a tafasa shi sosai a bar shi ya huce, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi wanda bai cika ba, kullum a haɗa sabo. Ruwan garuwa ko na randa da ba a tafasa ba kar ya shiga hanci.

Ki rage hayaƙi a ɗakin kwana. Na san wannan zai yi wa wasu ciwo, amma turaren wuta mai yawa dab da kwanciya da ƙofa a rufe yana kumbura hancin mai atishawa, ki turara ɗakin tun da yamma ki bar iska ta zagaya. Maganin sauro na hayaƙi ma haka, sange ya fi. A kakkaɓe katifa da matashi a shanya su a rana.

Gargaɗi: maganin nan na ɗigawa ko fesawa a hanci mai buɗe shi nan take, irin su xylometazoline, kar a wuce kwana 5 ana amfani da shi. In aka ɗore hancin zai riƙa toshewa fiye da da, mutum ya zama ba ya iya kwana sai da shi.

Gargaɗi na biyu: za a ba ki shawarar a kai shi wajen wanzami a cire belu. Kar ki yarda. Toshewar ba a belu kaɗai take ba, yawanci bayan harshe ne da bangon maƙogwaro, yankan ba zai hana numfashi tsayawa ba, ga zubar jini ga haɗarin ƙwayoyin cuta.

7. Abin da ke shiga ciki

Duk abin da ke sa jiki ya saki, yana sa naman maƙogwaro ma ya saki. Ƙwayar barci irin su diazepam, tramol, sirop na tari mai kodin, giya ga mai sha. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum yana kukan barcinsa ba ya isarsa sai ya je wajen mai tallan magani a kasuwar Dole ko bakin tasha a ba shi ƙwayar barci. Ga mai wannan ciwo ƙwayar tana sa numfashin ya daɗe a tsaye kafin ƙwaƙwalwa ta farkar da shi, haɗari ne na gaske. In likita ne ya rubuta masa ita saboda wani ciwo kar ya yanke da kansa, ya koma ya gaya wa likitan batun minsharin. Taba sigari da shisha suna kumbura hanyar iska, a rage har a bari.

Tuwo mai nauyi ƙarfe 10 na dare, a ɗora da fura da sukari, a kwanta nan take, shi ma yana ƙara abin musamman ga mai ƙwannafi. A ci da wuri, a bar awa 2 zuwa 3 kafin kwanciya. Da azumi sai an ƙara kula.

Sai maganar ƙiba, wadda ba mai son ji. Wani bincike da aka yi a jihar Wisconsin ta Amurka aka buga a shekarar 2000 ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyi yana tafiya da raguwar tsayawar numfashi da kusan kashi 26, ƙara kashi 10 kuma yana ƙara ta da kusan kashi 32. Wato mai kilo 100 in ya sauke 10 za a ga bambanci. Ke ce mai tukunya, ki rage mai da sukarin shayi da lemon kwalba ga gidan gaba ɗaya, kar ki ware masa kwano daban kamar mara lafiya, ba zai ci ba. Masallaci da kasuwa in ba nisa ya riƙa takawa da sanyin safiya maimakon hawa kabu-kabu. Abu ne na watanni, ba a jira shi kafin a ga likita.

8. Ke ma ki yi barci

Mace da ba ta barci ga girki ga yara ga aiki, ita ma ciwo za ta kwanta. Ki riga shi kwanciya da kamar rabin awa don barcinki ya yi nauyi kafin ya fara. Ki nemi abin toshe kunne na soso a farmasi, ana murza shi ya zama siriri a saka ya buɗe a ciki. Kar ki tura auduga ko takarda can ciki. In kina da jariri ki toshe kunne ɗaya kawai, na wajen maigida. Ƙarar fanka ma tana rufe wani abu in akwai kuran.

Raba ɗaki wani dare ba laifi ba ne kuma ba yaji ba ne, in dai an yi shi da shawara. Ku yi hirarku ku yi zamanku, lokacin barci ki koma ɗakin yara. Da bazara da kowa ke kwana tsakar gida a nisanta shimfiɗa kawai. Amma fa raba ɗaki barcinki ya gyara, shi numfashinsa na nan yana tsayawa, kuma yanzu ba mai ji.

9. Zuwa likita

Ki matsa a je in kin ga numfashi na tsayawa, ko yana barci da rana ba da sonsa ba, ko yana shan maganin tansiyo amma ta ƙi sauka. Dalili: duk tsayawar nan iskar oksijin tana raguwa a jini, zuciya ta yi ta bugun wahala, shekara da shekaru abin yana da alaƙa da hawan jini, bugun zuciya ba daidai ba, shanyewar ɓarin jiki da ciwon sukari.

A fara da likitan da ke kusa a auna tansiyo, nauyi da sukari, sai a nemi takardar zuwa babban asibitin ƙasa na Zinder wajen likitan ORL, wato na kunne da hanci da maƙogwaro, ko likitan huhu. Ki bi shi in ya yarda, don ke ce shaida, shi bai ga komai ba. A tafi da muryar da kika ɗauka, da takardar da kika rubuta, da kwalayen duk maganin da yake sha har na gargajiya. Likita zai leƙa hanci da maƙogwaro, wataƙila ya sa a duba maƙoƙo ta gwajin jini.

Abin da ke tabbatar da ciwon shi ne gwajin barci, ana maƙala wa mutum wayoyi a yatsa da ƙirji da hanci ya kwana da su. Sakamakon lamba ce ta sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu a awa ɗaya: 5 zuwa 15 ƙarami, 15 zuwa 30 matsakaici, sama da 30 mai tsanani. Ki tambayi likitan inda ake yin sa da kuɗinsa tun kafin a kama hanya, in ya ce sai Yamai ko Kano a kira can a ɗauki rana tukuna, Yamai kusan kilomita 900 ce, ba wurin zuwa a dawo hannu rabbana ba ne. Ƙaramin abin nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna oksijin yana taimakawa, in kika ga yana sauka ƙasa da 90 cikin barci ki rubuta, amma shi kaɗai ba ya wanke mutum.

Gargaɗi ga direbobi da 'yan kabu-kabu: wanda ya taɓa gyangyaɗi a kan sitiyari kar ya ɗauki doguwar hanya irin ta Agadas ko Maraɗi sai an duba shi. Kuma in za a yi masa tiyata ko wace iri a gaya wa masu allurar barci. In ya tashi da ciwon ƙirji, ko ƙafafu sun kumbura ba ya iya kwanciya sai a zaune, ko baki ya karkace, wannan na gaggawa ne, a daren za a tafi.

10. In an ce sai na'ura

Ga mai matsakaici ko mai tsanani maganin da ya fi aiki shi ne na'urar CPAP, 'yar ƙaramar na'ura mai hura iska ta tiyo zuwa abin rufe hanci don hanyar ta zauna a buɗe. Ba oksijin ba ce, iskar ɗaki ce take turawa. In ta zauna daidai minsharin yakan ɗauke tun daren farko. Tana da tsada, sabuwa ta haura jika ɗari uku na sefa wasu ma sun ninka haka, ga abin rufe hancin da tiyo da ake sauyawa lokaci lokaci. Ga mai ƙaramin ciwo akwai wani abin roba da likitan haƙori ke aunawa yana turo haɓa gaba, tiyata kuma sai likita ya ga takamaiman abin da ya toshe.

Kafin a biya a tuna da kuran ɗinmu. Na'urar ba ta cin wuta da yawa, wat 30 zuwa 60 in ba a kunna mai ɗumama ruwa ba, don haka batir da sola madaidaici zai riƙe ta dare guda, a sa kuɗinsa cikin lissafi tun farko, da abin daidaita wuta don kar ta ƙone. Matatar iskar da ke bayanta da hunturu a riƙa dubawa kowane mako. Kwanon ruwanta ruwan distile ake zubawa, wato tataccen ruwan da ba gishiri a cikinsa, na famfo yana barin farin gishiri a ciki. Abin rufe hancin a wanke kullum da sabulu mara ƙamshi.

Gargaɗi: kar a sayi kwance a hannun wanda ya dawo daga waje a ɗora haka nan. Ƙarfin iskar likita ke saita shi ga kowane mutum, kuma a shekarar 2021 kamfanin Philips ya janye miliyoyin na'urorinsa saboda soson da ke ciki yana ruɓewa, irin su suna iya yawo a kasuwar kwance, a nuna wa likita lambar na'urar kafin a ba da kuɗi. Makonnin farko zai riƙa fizge ta cikin dare yana cewa tana shaƙe shi, ki sa ya riƙa sakawa da rana yana sauraron rediyo na rabin awa har ya saba, in iska na tsiyaya ta gefe tana hura masa ido to girman abin rufe hancin ne bai yi ba, a koma a sauya wani.